Guzurin Venezia

Takalma na fara gani. Da muka sauka daga jirgin ƙasa a garin da Baba zai yi aiki, kaina yana ƙasa kamar kullum, don haka kafin in ga fuskar kowa a Italiya na ga ƙafafunsu. Kusan duk takalman fata ne, baƙaƙe da masu ruwan ƙasa, an goge su suna ƙyalli, har na tsohon da ke shara a tashar. Na dubi nawa, silifas da safa, na ja su ƙarƙashin zanena.

Baba ya lura. Ya sunkuyo ya ce, "Uwata, kada ki ji kunyarsu. Abin da suke takawa ɗin nan, akuyoyin Mai'adua ne."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. Sana'arsa fata. Tun ina ƙarama na saba ganinsa ranar kasuwar Mai'adua ya hau babur da sassafe, ya dawo da fatu a ɗaure a baya, a shimfiɗa su a zaurenmu na Daura a barbaɗa gishiri, in sun taru a kai Kano. Kamfanin jimar da yake kai wa kaya na wasu 'yan Italiya ne, su ne suka tura shi garinsu ya koyi aikin injinan jima, ya kuma taya su tantance fata. Ya ce ba zai yi shekara biyu shi kaɗai ba. Haka aka taho da Inna da ni da ƙanina da ke goye.

Ina da shekara goma sha uku aka sa ni a makarantar unguwar. Lokacin da muka baro gida ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba. A makarantarmu ta Daura hijabi ya riga ya shiga cikin kayan makaranta, mata layinsu daban, maza daban, kuma in malami ya shigo ba ka jin komai sai ƙarar alli. A can kuwa babu kayan makaranta, kowa da abin da ya ga dama, yara suna gardama da malama, ita kuma tana jin daɗin gardamar. Aka zaunar da ni kusa da wata yarinya da babanta ke aiki a majema ɗaya da Baba. Farin takalmi ne da ita na yadi, ta zana masa furanni da biro. Ita ce ta zama ƙawata, tun ba mu da kalma ko ɗaya a tsakaninmu sai tura wa juna magogi.

Malamar Italiyanci ita ce mai kula da ajinmu. Takalminta mai ruwan ƙasa ne marar tsini, dugadugin hagu ya fi na dama cinyewa. Ranar farko na durƙusa na gaishe ta yadda ake gaida babba. Sai ta ɗauka wani abu ne ya faɗi, ita ma ta durƙusa tana taya ni dubawa. Muka yi ta kallon siminti mu biyu. Ajin ya yi dariya, ita ma ta yi, amma ba irin dariyar da ke sa mutum ya so ƙasa ta tsage ba.

Ita ce ta koya mini harshen. Wasu ranakun in an tashi, takan riƙe ni a aji, ta buɗe jakarta ta fito da kaya daga kicin ɗinta: cokali, albasa, makulli, guntun burodi. Ta ɗaga, ta faɗi suna, in maimaita. Muryata ba ta fita, sai ta matso da kujerarta maimakon ta ce in ɗaga murya. In na faɗa daidai, sai ta tambaye ni sunan abin da Hausa, ta maimaita, ta kasa, ta sake. Ba wanda ya sa ta. Mijinta ba shi da lafiya a lokacin, daga baya na sani, kuma da zarar mun gama takan ruga ta kama bas zuwa asibiti. Kafin sanyi ya wuce na fara fahimtar yawancin abin da ake faɗa a aji. Karatu ma ina yi. Magana ce kawai take tsaya mini a wuya.

Da ganye ya fara fitowa a itatuwa, wata rana malama ta shigo da babban hoto ta manna a allo. Gidaje ne dogaye a tsaye cikin ruwa, ruwan ya zo har bakin ƙofa, wani mutum a tsaye a kan kwalekwale yana tuƙi da sanda. Ta ce wannan Venezia ne, kuma can ajinmu zai je yawon buɗe ido, har da kwana. Yara suka yi ta buga tebur. Ni kuwa na kasa ɗauke ido daga hoton. A Daura ruwa abu ne da ake zuwa a ɗebo. In damina ta yi kyau kududdufin bayan unguwarmu ya cika, a hana mu zuwa kusa da shi. Ban taɓa shiga kwalekwale ba. Ga gari guda, da kasuwarsa da makarantunsa, ruwa ne titinsa. Na lura a hoton akwai wata taga da aka shanya riga a jikinta, na yi ta tunanin in iska ta kwashe rigar yaya za a yi a ɗauko.

Ranar da yamma, bayan mun gama darasinmu, malama ta mayar da cokalinta cikin jaka, ta tambaye ni a hankali, da kalmomi masu sauƙi, ko ina son in je.

Na sunkuyar da kai. Na yi murmushi, na kama bakin hijabina ina murzawa.

A gidanmu wannan ita ce amsa. In babba ya tambayi yarinya ko tana son abu, ba ta buɗe baki ta ce tana so. Wannan zalama ce. In ba ta so, za ta yi ƙunƙuni ko ta kawo uzuri. In tana so, sai ta yi shiru ta sunkuya, babban ya gane. Da haka na samu ɗan kunnen sallah, da haka na samu zuwa hutu Sandamu wajen Kaka.

Malama ta jira. Ta sake tambaya. Na ƙara sunkuyawa don ta tabbatar. Sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Babu komai. Na gane."

Na koma gida ina jin kamar ba a ƙasa nake tafiya ba.

Ban faɗa wa kowa ba, don ita ma wannan magana ba yarinya ke fara ta ba. Baban ƙawata ne ya tsegunta wa Baba a wajen aiki. Muna cin abinci Baba ya ce, "Uwata, ashe tafiya za ku yi garin ruwa ba ki faɗa ba. Kina so?"

Na sunkuyar da kai.

Ya yi dariya ya ce wa Inna, "Kin gani. Har kunnenta so yake."

Ya riga ya bincika komai. Malamai mata za su je, ɗakin kwanan mata daban, kuma akwai kifi da taliya. Duk da haka sai da ya kira gida. Lokacin waya ba ta yawaita ba, sai a kira shagon wani ɗan Ibo mai sayar da kayan gyaran babur a bakin layinmu, shi kuma ya aika a kira wanda ake nema. Baffa, yayan Baba, bai so ba. Ya ce yarinya ta kwana a wani gari babu muharrami, ba a yin haka yanzu ko a gida balle a ƙasar Turawa. Na ji Baba yana ta lallashinsa, yana cewa makaranta ce, amana ce a hannun mata, kuma shi ya ga malamar da idonsa. Har katin wayar ya ƙare ba su gama ba. Sai da aka kai maganar Sandamu. Kaka ta ce a bar takwararta ta je ta ga ikon Allah, kuma in duba mata, in mutanen suna da awaki, a ina suke kiwo.

Inna ba ta ce komai ba a kan tafiyar. Ni ce 'yarta ta fari, ba ta kiran sunana, ba ta yaba ni, ba ta kuma kallona ido cikin ido. "Ke" take ce mini, ko "yarinyar nan". Abin da ta tambaya kawai shi ne, "Ke, ku nawa ne a motar?"

Na faɗa mata yawan ajinmu da malamai.

"Da direba," in ji ta.

Na ce kowa da abincinsa zai zo.

Ta ce, "Sai ki buɗe guzuri a mota ki ci ke kaɗai suna kallo? Ba daga gidan nan ba."

Dambun nama ta yanke shawarar yi, na mota guda. Ta sa Baba ya sayo nama wajen wani mahauci ɗan Maroko. Turmi babu, sai ta dafa naman ya yi laushi, ta riƙa dakansa da muciyar da ta taho da ita daga Daura, a cikin tukunya, ta ɗora tukunyar a kan tawul don kada mutanen ƙasan bene su ji. Tukunyar ƙarama ce, don haka kaɗan-kaɗan take yi, kullum in na dawo makaranta in tarar da gidan yana ƙamshin citta da yajin da take ta tattali tun zuwanmu. Ta daina sa mana shi a miya don ya isa.

A makaranta kuwa shiri ya kankama. Malama ta raba wa kowa abin da zai bincika ya yi wa aji bayani in an je wurin. Wannan gada, wancan fadar sarakunan da, wata kasuwar kifi. Ƙawata ta samu masu hura narkakken gilashi su ƙera kwalabe da kayan ado. Ni ba a ba ni komai ba. Na ce a raina don harshena bai nuna ba ne, kuma na gode mata da ta rufa mini asiri. Amma ina sauraron na kowa. Na haddace sunayen gadoji. Na koyi yadda ake tambayar hanya da yadda ake cewa ba na cin naman alade. Na wanke jakar Baba ta tafiye-tafiye na shanya.

Saura 'yan kwanaki, lokacin hutun tara, 'yan mata suna ta rigimar wa zai kwana ɗaki ɗaya da wa. Ina zaune ina jira ƙawata ta ce ni da ita. Sai ta juyo, ta raba lemonta biyu ta miƙo mini rabi, ta ce, "Kaico, da ma za ki je. Zan kawo miki tsaraba."

Na ɗauka ban fahimta ba. Na ce ta sake faɗa.

Ta ce malama ta gaya musu ba zan je ba, zan zauna a wani ajin har su dawo, kuma kada kowa ya dame ni da tambaya.

Na riƙe lemon har aka koma aji ban sha ba.

Da na isa gida Inna na tsaye a kicin tana juya dambu a mai. Na gaishe ta na wuce. Ba ta juyo ba ta ce, "Ke, zo nan. Wa ya mutu?"

Na faɗa mata, ina kallon tawul ɗin da take ɗora tukunya a kai in za ta yi daka.

Ta sauke tukunyar. "Ba ta tambaye ki ba ne?"

"Ta tambaye ni."

"Me kika ce?"

"Ban ce komai ba."

"To ai kin amsa," in ji Inna. "Me take so kuma? Ki ɗaga murya kamar mai tallar gyaɗa?"

Muna nan Baba ya dawo, hannuwansa na warin majema. Ya saurara, ya zauna, ya rufe fuska da hannu. Na ɗauka ransa ne ya ɓaci, ashe dariya yake ɓoyewa. Ya ce shi ma haka ta faru da shi. Satinsa na farko wani abokin aiki ya miƙo masa abinci, ya ce a'a ya ƙoshi, yana jira a sake yi masa tayi kamar yadda ake yi. Mutumin ya ce to, ya cinye a gabansa, har ya lashe cokali. Ya wuni da yunwa.

"Mutanen nan," in ji shi, "abin da ya fito daga bakinka shi suke ɗauka. Ta ga kin sunkuya, ta ɗauka ni na hana, kina jin nauyin faɗa. Kawaici ta yi miki, Uwata, irin nasu."

Inna ta ce, "To sai ka je ka faɗa mata."

"Zan je in sa hannu a duk abin da ake sa wa hannu. Amma ita ta tambaya, ba ni ba. In na je ni kaɗai, sai ta ce da na hana, yanzu kuma na tilasta. Daga bakinta take so ta ji. Kuma su in ba ka dube su a ido ba, gani suke ba da gaske kake ba."

Ya tashi ya tafi alwala. Inna ta tsaya tana kallon dambun da ta tara a robobi. Sai ta goge hannunta a zane, ta jawo kujera tsakiyar kicin, ta zauna ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Ni ce malamar," in ji ta. "Faɗi."

Na faɗa da Italiyanci cewa ina son in je, ina kallon yatsun ƙafarta masu sauran lalle.

"Ban ji ba."

"Inna, ai ba kya jin yaren."

"Ko da Hausa ne ban ji ba. Sauro ya fi ki murya. Sake."

Na sake.

"Da tabarma kike magana? Ɗago."

Na ɗago, sai na tarar ita bango take kallo. Na ce, "Inna, malamar tana kallon mutum."

Ta yi tsaki, ta juyo, idonmu ya haɗu, muka kau da kai tare. Dariya ta kama mu. Ta rufe baki da gefen mayafi tana cewa wannan wace irin ƙasa ce da sai an yi rashin kunya ake samun abu. Muka sake gwadawa, muka sake kasawa. Ƙanina ya farka ya yi kuka, ta goya shi ta dawo kan kujerar.

Can dai ta daure. Ta dube ni ba ta kau da kai ba, ni ma na daure. Ban taɓa sanin cewa akwai ɗan tabo a ƙasan girarta ta dama ba, ko cewa kwallinta ba ya kaiwa ƙarshen ido. Na faɗi maganar gaba ɗaya, muryata ta fita. Ta gyara goyon da ke bayanta. Sannan ta miƙe ta mayar da tukunya kan wuta, ta ce, "Haka za ki yi mata. Wuce ki cire kayan makaranta."

Har yau da muka dawo Daura ba mu taɓa tada maganar ranar ba. Ta koma ce mini "ke", na koma kallon ƙasa in tana magana, kuma haka ya fi mana daɗi mu duka. Amma na san ta yi mini abin da ya fi dakan naman mota guda wuya.

Washegari ta cika wata 'yar roba da dambu ta ce in kai wa malama, ba a zuwa neman abu hannu rabbana. Na iske malama a baranda kafin a shiga aji, ta rungumo littattafai. Na fara ganin takalmin, dugadugin hagu da ya cinye. Gwiwata ta so ta durƙusa, na hana ta. Na ɗago kai.

Idonta kore ne. Wata da watanni tana koya mini magana ban sani ba.

Na ce, "Malama, ina son in je Venezia. Tun ranar farko nake so."

Ta ajiye littattafan a kan taga. Ta tambaye ni ko Baba ya sani, na ce ya sani, har kakata ta sani. Ta tambayi abin da ya sa ban faɗa ba. Da guntun Italiyancina na yi mata bayani cewa a garinmu in yarinya ta yi haka, na sunkuya na nuna mata, to tana so ne. Ta dafe goshi, ta ce ta ɗauka an hana ni ne, ba ta so ta sa ni jin kunya a gaban yara. Ta ba ni haƙuri, babba da ita. Ta ce akwai wuri a mota, kuma ƙawata tun farko ta ƙi zaɓar abokiyar ɗaki, tana ta ɓata rai.

Na miƙa mata robar. Ta buɗe ta shinshina, ta ɗiba ta sa a baki. Yajin ya kama ta, idonta ya kawo ruwa, ta yi tari, ta sake ɗiba. Na ce Inna ta yi na kowa da kowa, har direba. Ta rufe robar ta ɗora a kan littattafanta.

Sannan ta ce, "Akwai wani abin kuma da kika amsa mini da shiru ban ji ba? Faɗa mini yanzu, tun kanki yana sama."

An kaɗa ƙararrawa, yara suna wucewa ta gefenmu da gudu. Wuyana ya fara gajiya, kaina yana son komawa inda ya saba. Na riƙe shi.

Na ce, "Kowa kin ba shi abin da zai yi bayani a can. Ni ma ki ba ni gada ɗaya, ko ƙarama ce."